Malamin da Ya Zo Neman Asalin Sukari

Ma'aikaciyar ɗakin karatun tana kan tsani tana jera littattafai ya shigo. Malamin Turanci ne, siriri, duk alli a hannun rigarsa. Ya nemi babban ƙamus ɗin da ba a bayarwa aro.

"Asalin kalma ɗaya nake bi," ya ce mata. "Sugar."

"Ai sukari ne, Malam. Na hutar da kai."

Ya yi dariya har mai gadi ya leƙo. Wata biyu yana zuwa, kullum teburin bakin taga. Ya nuna mata yadda kalmar ta iso Turanci ta hanyar Larabci, Larabawa suka karɓo daga Farisa, su kuma daga wani tsohon harshen Indiya inda take nufin tsakuwa. Daga nan ya sa mata Tsakuwata, wai saboda taurin kai. Ta rama da kiransa Ƙamus.

Da ya nemi aurenta, babanta ya ce sam. "Mai share wata biyu kan kalma ɗaya ne zai riƙe gida? Ga mai kantin magani yana ta turo manyansa."

Ana cikin haka ya samu gurbin ƙaro karatu a nesa, shekara guda. Kullum da safe sai ta goge teburin nan, in wani ya zauna ranta ya ɓaci. Ko shayi za ta haɗa, sai ta tsaya riƙe da cokali tana tunaninsa.

Sai saƙonsa ya ɗauke, mako uku cur. Ta daure ta rubuta:

"Ƙamus, in ka samu wata, ka faɗa min. Zan iya jurewa."

Ƙarya take yi. Da la'asar amsa ta shigo:

"Tsakuwata, zazzaɓi ne ya kwantar da ni a asibiti, ban so hankalinki ya tashi ba. Kewarki ta fi ciwon damuna. Ki ce wa Baba ina nan tafe."

Ta kifa kai a cinyar mamanta ta yi ta kuka. Baba na bakin ƙofa, ya ji komai.

Ranar da malamin ya dawo ya durƙusa gabansa, Baba ya daɗe yana kallonsa.

"Tashi, ɗana. Ni ma shekara uku kakanta yana korata."

"Huɗu dai," in ji Mama daga kicin.

Bayan wata biyu aka ɗaura aure. Baba ya haɗa hannuwansu, ya sa musu albarka.

"Allah ya zaunar da ku lafiya, ya sa kada ku sake nisa da juna."