Kashi Ɗari da Sha Huɗu

"Ɗari da sha huɗu?!"

Dakta ta ɗaga takardar da yatsu biyu kamar wadda ta tsinto mataccen ɓera. Ɗakin gwajin ya yi tsit, sai injin zuƙe hayaƙi da ke gurnani a lungu.

"Kashi ɗari da sha huɗu cikin ɗari! Shekara ashirin da biyu ina koyar da kimiyyar Oganik ban taɓa gamuwa da waliyyiya irinki ba. Faɗa mana, 'yata, sha huɗun nan daga sama aka sauko miki da su?"

Aji ya kwashe da dariya. Auta ta ji kamar ƙasa ta tsage ta shige. Gilashin kare ido ya yi mata hazo, ta rasa ko zufa ce ko hawaye.

"Dakta, wallahi abin da sikeli ya nuna na rubuta..."

"Kin busar?"

"Sau biyu. Na sake aunawa sau uku."

"To ke da sikelin, wane ne maƙaryacin?"

Ga wadda ba ta san dawan garin ba, jarrabawar gwaji ce ta ƙarshen zango, kwana biyu ake yin ta. Jiya kowa ya haɗa asfirin, maganin ciwon kan nan, da hannunsa: a dafa, a sanyaya cikin ƙanƙara, a tace, a zuba farar ƙwayar a faifan gilashi mai lambar mutum, a sa a kabad ta kwana ta bushe. Yau kuma a auna. Abin da ka zuba tun farko shi ke yanke iyakar abin da za ka kwasa. Mai hannu da kyau ya samu saba'in, gwani ya samu tamanin. Amma ɗari da sha huɗu? Ai kamar ka sa wa kaza ƙwai goma ne ta tashi da 'yan tsaki sha ɗaya. Dole a leƙa gidan maƙwabta.

Aka kuwa leƙa.

"Dakta, ni dai ba na son magana..."

Duk wadda ta fara da haka, ku tabbata tun safe take wasa bakinta. Mai Farce ce, wadda ba a yin mako ba ta huda safar hannu uku ba saboda tsinin ƙumba. Tun suna aji ɗaya take bin Dogo, saurayin Auta, da ido, shi kuwa ko sau ɗaya bai juyo ba.

"Ina jin ki," in ji Dakta.

"A dai duba na Dogo. Faifansu maƙwabta ne a kabad, sha bakwai da sha takwas. Kuma jiya kowa ya ga rabin nata ya zube wajen tacewa, har kuka ta yi."

Dakta ta zaro takardar Dogo. Ta duba, ta cire tabarau, ta goge, ta sake dubawa.

"Kashi tara."

Wannan karon ba wanda ya yi dariya.

"Sata?" in ji Auta. "Ni? Ni za a ce na kwashi na wani?"

Ta juya ta dubi Dogo. Yana tsaye a bakin famfo, zanƙalele kamar sandar wuta, bakinsa a buɗe. Mutumin da ya cika mata waya da saƙon "zan iya shiga wuta dominki". Ga wutar ta zo, ko tari bai yi ba!

"Litinin, ƙarfe tara, gaban kwamiti," in ji Dakta. "Kowa ya wanke kwalabensa."

Abin da ya fi tayar wa Auta da hankali shi ne, bara ma kwas ɗin nan ya kayar da ita. Wannan ne karo na biyu, na ƙarshe kuma. In aka ɗora mata maguɗi a kai, ba maimaici ba ne, kora ce. Shekara huɗu na sammako da rubuta rahoto har yatsa ya yi kanta, duk su bi ruwa. Ga shi Abbanta ya ce kada manyan Dogo su tako gidansa sai ya ga sakamakon Oganik da idonsa.

Ta cire farar rigarta, ta cusa a jaka ko ninkewa ba ta yi ba, ta fice.

"Zuciyata! Tsaya mana!"

A kan matakala Dogo ya cim mata, yana haki.

"Kada ka sake kira na da sunan nan."

"Ki saurare ni, don Allah. Ni ne."

"Kai ne me?"

"Ni na zuba miki. Da sassafe, kafin a shigo." Ya sunkuyar da kai. "Na ga kina kuka jiya, na kasa haƙuri. Na ce bari in ɗan ƙara miki daga nawa..."

Auta ta tsaya cak. Da a ce tana riƙe da kwalba, da tuni ta fashe a goshin wani.

"Ka ɗan ƙara mini."

"Don ina son ki ne, haskena..."

"Wasu a kawo musu turare, wasu a kawo musu zobe, ni kora aka kawo mini a faifai! Wa ya aike ka? Na ce maka ba zan iya ba ne? Rabin da ya rage mini, da shi zan ci, ko da kyar ne! Nawa ne, gumina ne!"

"Ban zaci zai wuce ɗari ba. Ita ce ta ce..."

"Rufe mini baki! Yanzu ka samu baki? Ɗazu a gaban Dakta aro ka bayar da shi? Ana ce mini ɓarauniya kana tsaye kamar an dasa ka!"

"Tsoro ne ya kama ni..."

"To ya riƙe ka da kyau."

Ta sauka abinta. Bai bi ta ba, don ya ga idon.

Labari kuwa ƙafa gare shi. Kafin motar haya ta sauke ta, ya riga ta isa gida, har an yi masa ado: wai an kama ta dumu-dumu da cokali a hannu. Yayanta na tsaye a tsakar falo yana zuba kamar an kunna rediyo.

"Ban faɗa ba? Tun ranar da na ga yaron nan na ce ba shi da alƙibla! Mutum sai tsawo kamar rani!"

"Kai dai ka bari ta zauna mana," in ji Umma. "Auta, kin ci wani abu?"

"Umma, ana maganar kora kina maganar abinci?"

"In an kore ta ma ai da ciki za a kore ta."

Abba ya gama ɗinke hannun rigar da ke kan kekensa, ya yanke zare da haƙori.

"Auta."

"Na'am, Abba."

"Kin ɗauka?"

"Wallahi ban ɗauka ba."

"Kin san wanda ya yi?"

Ta kawar da kai. Hakan ya ba da amsa.

"To," in ji Abba. "Maganar yaron nan na ajiye ta. Wanda zai bari a shafa wa 'yata baƙi yana kallo, ba shi da kujera a gidan nan."

Ta shige ɗaki ta yi kukanta mai isarta. Da ta gama ta wanke fuska ta jawo littafi, don jarrabawar rubutu na nan ranar Laraba, ba ruwanta da wanda zuciyarsa ta karye. Asabar da Lahadi ta yi su tana zana zoben sinadarin nan mai kusurwa shida da 'yan kibiyoyi masu lanƙwasa, tana danna biro har takarda na hujewa. Wayarta ta yi ƙara sau talatin da ɗaya. Ta kife ta.

Ta yanke shawara: ba za ta roƙe shi ba, ba kuma za ta tona shi ba. In yana da baki, ya san hanyar ofis.

Ita kuwa Mai Farce, an ce har masaukin samari ta aika wa Dogo da saƙo: "Sannu da wannan jarrabawa ta rayuwa, wasu matan ba su da amana." Kun ji makira!

Litinin, mutum uku a bayan dogon tebur, Dakta a tsakiya. Mai Farce a gefe a matsayin shaida, ta sha kwalliya kamar mai zuwa ɗaukar hoto.

"Kina da abin cewa?"

"Ban taɓa faifan kowa ba," in ji Auta. Idonta a tsaye. "Ku kuka koya mana mu rubuta abin da muka gani, ko ya yi daɗi ko bai yi ba. Da ni mai maguɗi ce, da saba'in da biyar zan rubuta in zubar da sauran a kwandon shara, wa zai sani? A ba ni kaya in sake a gabanku."

Dattijon da ke dama ya gyaɗa kai. Dakta ta buɗe baki ke nan, aka turo ƙofa har ta bugi bango.

Dogo ne. Idanu sun faɗa, maɓallin riga ya hau ramin da ba nasa ba.

"Dakta, ni ne! Ni na zuba mata, ba ta sani ba. Ni za a kora."

"Wa ya ba ka izinin shigowa?"

"Ba kowa, ranki ya daɗe."

"To tunda ka shigo, tsaya nan. Giram nawa ka zuba?"

Dogo ya sosa ƙeya.

"Ban... ban auna ba."

Jama'a! Da ya ce ya kashe mutum, da abin ya fi zuwa wa Dakta da sauƙi. Ta miƙe tsaye.

"Ba ka auna ba?! Shekara uku a sashen nan, ga sikeli huɗu a ɗakin, ka ɗebi sinadari ka zuba da ka kamar mai sa gishiri a miya? Maguɗin ma ba ka iya ba! Ni ka ci wa mutunci, ba ita ba!"

"Cokali ɗaya na yi niyya, Dakta. Ita ce ta same ni a wurin," ya nuna Mai Farce, "ta riƙe mini ƙofar kabad tana cewa ƙara, ƙara, ai ko hamsin bai kai ba. Na ɗauka taimako take yi."

Duk aka juya. Mai Farce ta shiga gyaran mayafin da ba abin da ya same shi.

"Ni... wasa nake yi."

"Ke da kika fi kowa maki a lissafin awo?" Dakta ta koma ta zauna a hankali. "Kin san sarai inda zai kai. Kuma kika tashi a gaban aji kika ce ba kya son magana. Zauna, naki zaman daban ne."

Hukunci bai ɗau lokaci ba. Dogo sifili, da takardar gargaɗi, da maimaita kwas baɗi, abin da zai ja masa ƙarin shekara guda cur. Auta kuwa ta sake gwajin ita kaɗai.

A ranar ta shiga. Ɗaki fayau, ba kowa sai ita da Dakta da ta jawo kujera ta zauna mata a ƙeya. Ta ɗiga asid a hankali, ta ci gaba. Da ta tsoma kwalbar cikin ƙanƙara, minti biyar ba abin da ya fito. Ruwa garau. Ta ɗauki sandar gilashi ta kankari cikin kwalbar a hankali, tana addu'a a zuci... sai ga farin abu na tsirowa kamar ana yayyafa shi. Wajen tacewa ko numfashi ba ta yi ba. Dakta da kanta ta kulle kabad ta jefa makullin a jakarta.

Washegari aka auna.

"Sittin da uku," in ji Dakta. Ta ɗebi ɗan kaɗan ta gwada zafin da yake narkewa, ta leƙa, ta daɗe tana leƙe. "Tsaf yake. Kin ci. Je ki, kafin in fara yabon mutum."

Dogo na zaune a matakala ta ƙarshe, ya haɗa kai da gwiwa. Da ya ji takunta ya miƙe zumbur.

"Nawa?"

"Ina ruwanka?"

"Don Allah, zuci... Auta."

"Sittin da uku."

Ya rufe fuska da tafin hannu. Kafaɗunsa suka shiga rawa. Ƙato guda yana kuka a bainar jama'a, 'yan aji ɗaya na wucewa suna leƙe.

"Kai, ka daina ba ni kunya!"

"Ki yafe mini. Na raina hannunki, na kuma bar ki ke kaɗai ranar nan. Shi ya fi ci na."

Ta so ta ƙara masa kwana biyu a wuta, wallahi ta so. Amma ta tuna wanda ya banko ƙofar kwamiti ya san shekara guda zai bari a ciki, ya kuma shigo.

"Kwana uku ka yi kafin ka yi magana," ta ce. "Ban manta ba, kuma ba zan manta da wuri ba."

"Na yarda."

"Abba ya ji abin da ka yi jiya. Ya ce ka zo Asabar. Bai ce ya haƙura ba, ya dai ce ka zo. Yaya kuma zai zauna a wurin, ka shirya."

"Ko su goma ne zan zo!" Ya share ido, sai kuma fuskarsa ta sake faɗuwa. "Amma za ki riga ni gamawa da shekara guda. Za ki jira ni?"

Auta ta dube shi daga sama har ƙasa, tafiya ce mai nisa. Murmushin da take ta dannewa ya ƙwace.

"Baɗi ina ajin ƙarshe, kai kana zaune da ƙannenmu kana wanke kwalba. Daga yau ni ce babba. Ka fara koyon gaisuwa."

"Ranki ya daɗe."

"Da kyau." Ta miƙa masa jakar littattafan, mai nauyin tsiya. "Gobe akwai ta rubutu. Wuce mu je laburare ka yi mini tambayoyi. Kuma in na yi kuskure, ka bar ni in gyara da kaina."