Gidan Anini

A wani gari, an yi wani tsohon baduku mai ciwon baya. Wata rana wani mai tara tsofaffin kuɗi, Alhaji Barau, ya kawo masa su cike da jaka.

"Baba, littafin fata nake so, kowane kuɗi da gidansa."

Baduku ya auna, ya yanka, ya ɗinka. Sule da gidansa, sisi da gidansa, taro da gidansa. Ya auna, ya yanka, ya ɗinka, har yatsunsa suka kumbura.

Ya rufe shafin ƙarshe ke nan, sai wani anini ya faɗo daga gindin jaka, duk ya suɗe, ga huda a tsakiya. Kuma babu sauran wuri.

"Anini ne fa," in ji baduku. "Wa zai neme shi?"

Ya daɗe yana kallonsa. Sai ya yi tsaki, ya warware shafin. Ya auna, ya yanka, ya ɗinka.

Da Alhaji ya zo, bai ko kalli sule ba. Anini ya nema.

"Wannan mahaifiyata ta rataya mini a wuya ina ƙarami."

Baduku ya ɓoye yatsunsa cikin riga.