Jinin Duna

Ranar kasuwar Kebbe Na'Allah ya fara ganinta, tsugune a gindin darbejiya da safar hannu, tana lallashin wani kare kamar mai lallashin yaro. Shi malamin firamare ne. Mahaifinsa Malam Sambo ya aiko shi da Duna, baƙar karyar da ke bin shanunsu, a yi mata allura, don zawon jini ya fara kashe karnuka a rugage.

"An yi mata bara, ko?" in ji budurwar, ma'aikaciyar lafiyar dabbobi. "To jini za ni ɗiba tukuna. In garkuwar jikinta na nan da ƙarfi, sai mu bar allurar ga wanda ba shi da ita. Ba su da yawa."

"Ni mi za ni ce ma Baba?"

"Ka ce Batula ta Tambuwal ta ce a yi haƙuri."

Ya karɓi lambarta don jin sakamako. Sakamako ya fito, Duna na da garkuwa, amma saƙonni ba su tsaya ba.

"Likitata, Duna na gaishe ki. Mai Duna kuwa tuwo ya gagare shi."

"Malam nawa, kawo shi in ɗebi jininshi, mu ga mi ad damuwa tai."

Ana tsakiyar damina ya kai maganarta gida. Ba a jima ba aka wayi gari Duna kwance bayan garke, ba rai. Malam Sambo ya binne ta da hannunsa, ya dawo ya ce, "Yarinyar da ta hana ma karyata allura ba ta shigo min gida."

Na'Allah ya so ya kare ta, sai ya tarar shi ma zuciyarsa na rawa. Ya rubuta mata: "Duna ta mutu. Kin tabbata gwajin nan bai yi ƙarya ba?"

Ba ta amsa ba. Ya yi ta duba waya har ya gaji, ya ɗauka shi ke nan.

Sai ga ta wata safiya a kan babur ɗin haya, zanenta duk laka. Ta wuce shi ta durƙusa gaban tsohon, ta yi masa jaje, sannan ta ce, "Baba, ta yi amai? Kun ga jini ga kashinta?"

"A'a. Da marece lafiya lau ta ci. Da safe muƙamuƙinta kumbure."

Tsohon ya juya yana kallon ciyawar da ta rufe bakin garke. Can ya ce a hankali, "Saran kububuwa ne."

"Allah ya san gaskiya, Baba. Gwaji ba shi hana ajali. Amma da zawon ne, da na ɗauki laifina na kawo muku da kaina."

Ta tambayi 'ya'yan da Duna ta bari. Ta ce kariyar da suka sha a nono ta kusa ƙarewa, su kam allura ta kama su. Malam Sambo da kansa ya riƙa riƙe mata su tana yi.

Da Na'Allah ya raka ta bakin hanya, ya rasa ta inda zai fara.

"Tambayarka ba laifi ba ta," in ji ta. "Ni ma na yi ma kaina ita, har abinci ya fita raina. Abin da ya yi min ciwo, ta waya ka yi ta."

"Ki gafarce ni, Likitata."

"Ɗauko babur ɗinka ka kai ni tasha. Mai babur ɗin nan gudu gare shi."

Bayan an kai gero rumbu, Malam Sambo ya ƙi aika kowa Tambuwal, ya sa babbar riga ya tafi da kansa. Karsana ya bayar sadaki. Ranar da aka kawo amarya Kebbe ya dafa kanta, ya dafa na ɗansa.

"Allah shi zaunad da ku lafiya, shi ba ku zuri'a mai albarka. Ke kuma ɗiyata, gida naki na."

Batula ta ce amin a cikin mayafi.