Injin Ban-Ruwa a Gidan da Ruwa Ya Ci

Ranar Alhamis da safe manoman rani suka tarar babu injin ban-ruwan ƙungiyarsu a bakin dam. Kafin Sajan Kalilu ya iso daga Daura a kan tsohon babur ɗinsa, 'yan sintiri sun riga sun samo ɓarawo, sun kuma yi masa dukan da ya amsa laifi. Maharazu ne, masunci, wanda aka ga man inji a cikin kwalekwalensa.

Shekara ta biyu ke nan da ƙaddamar da Shari'a a jihar. Kowa ya san makomar wanda ya amsa sata da bakinsa. Litinin za a kai shi gaban alƙali, mutane har sun fara kallon hannunsa na dama.

Kalilu ya shekara ashirin da shida a aiki, ya gaji da laifin da ake amsawa bayan sanda. Ya fara da Amadu, shugaban ƙungiyar, wanda injin ke hannunsa.

"Yaya ake ajiye shi?"

"Da sarƙa da kwaɗo, Yallaɓai, a jikin wancan turken. Fasa kwaɗon suka yi."

"Ina fasasshen?"

"Sun tafi da shi mana."

"Ɓarawo mai tsafta," in ji Kalilu.

Ya koma cikin gari wajen Emeka mai sayar da kayan gyara, domin duk injin da ya ɓata a ƙasar Daura sai ɗaya daga cikin sassansa ya biyo ta shagonsa.

"Oga, ko fulogi ba a kawo mini ba," in ji Emeka. "Injin ƙungiya yana da lamba a jiki. Ina da 'ya'ya huɗu, ba na son fitina."

Sai Maharazu, a tsare, leɓe a kumbure.

"Kai ka ɗauka?"

"Na ce ni ne."

"Ba abin da ka ce na tambaye ka ba."

"Ranka ya daɗe, kwalekwalena a bakin ruwa yake kwana. Ko akuya ta ga dama sai ta shiga."

Kalilu ya zagaya gaɓar dam ɗin a ƙasa, har ƙafafunsa suka yi tsami. Babu sawun taya, babu inda aka ja abu mai nauyi. Injin ya shiga ruwa, bai fito ba.

A ofishin kula da kifi akwai wata Malama Murja, tana da na'urar da wani shirin kiwon kifi ya bari, wadda ke jefa sauti cikin ruwa ta zana amsar a gilashi. Ranar Asabar suka shiga kwalekwale su huɗu. Maharazu, wanda Kalilu ya ɗauko daga inda ake tsare da shi, ke tuƙi, Amadu kuma ya ce lallai da shi za a je, tun da amanar a wuyansa take.

"Komai da irin amsarsa," in ji Murja. "Laka tana haɗiye sautin, sai ka ga layi dishi-dishi. Dutse yana mayarwa da kauri, a manne da ƙasa. Abin da ke da iska a ciki ya fi kowa ƙara. Da haka muke gane kifi, saboda jakar iskar cikinsa."

Sun yi awa uku suna kai da komo a rana. Kututture, tsohuwar taya, garken karfasa da ya watse kafin su juyo. Daga nan gilashin ya fara nuna tudu-tudu a jere.

"Tsohon garinmu ne," in ji Maharazu. "Wanda ruwa ya ci da aka yi dam."

Murja ta ɗaga hannu. Wani tabo ya fito jawur.

"Ku wuce, Malama," in ji Amadu. "Wannan dutsen niƙan gidanmu ne. Nan aka haife ni, na san wurin kamar tafin hannuna."

"Baba, dutse ba ya amsawa haka."

"To kifi ne."

Ta sa aka bi ta kansa sau uku, ta fuska uku. Bai gusa ba.

"Kifin da kwalekwale zai ratsa kansa sau uku bai motsa ba, sai dai a miya," in ji ta. "Wannan abu ne mai rami, da iska a ciki, an danne shi."

Maharazu ya tuɓe riga ya nutsa da igiya. Da kyar suka ja abin zuwa gaɓa: durom ne na roba, murfinsa a ɗaure tamau, an rataya masa duwatsu. A ciki ga injin nan a naɗe cikin buhunan taki, an tsiyaye masa mai, an shafe shi da giris. A gefe ga sarƙa a nannaɗe, ga kwaɗo lafiyarsa ƙalau.

Kalilu ya miƙa wa Amadu hannu.

"Makullanka."

Makulli na biyu ya buɗe kwaɗon.

Kalilu ya zauna a kan durom ɗin. Bai ɗaga murya ba.

"Wa'adinka na shugabanci zai ƙare bayan girbin albasa, injin ya koma hannun wani. Ka ce bari ka ajiye shi har ƙura ta lafa. Ba ka sa alama a ruwa ba don kada masunta su gani, sai ka nemi wurin da ko ido rufe za ka gane. Duk faɗin dam ɗin nan, gidan ubanka ka kai shi, kamar yadda kowa ke kai abin da yake ganin nasa ne. Kwaɗon kuma ka kasa jefarwa, sabo ne. Ka iya tattalin kwaɗo, Amadu. Hannun mutum ne ba ka iya ba."

Amadu ya ce sharrin Shaiɗan ne. Haka suke cewa duka.

Ranar Litinin alƙali ya sallami Maharazu. Cikin waɗanda suka dake shi babu wanda ya zo ba shi haƙuri. Mai gabatar da ƙara ya tari Kalilu a baranda, ya yi masa bayanin abin da ya riga ya sani: Amadu ba ɓarawo ba ne a hukunce, kayan a hannunsa aka damƙa su. Cin amana ne, kuma ba a yanke hannu a kan cin amana. Bulala ce da 'yan watanni.

Maharazu yana tsaye kusa, ya ji komai.

"Ranka ya daɗe, wato da ni ne, da an yanke?"

"Da wataƙila an yanke."

"Shi kuma fa?"

"Shi an yarda da shi," in ji Kalilu. Ya taka babur ɗinsa, sai a karo na huɗu ya tashi.