Ƙarfen da Ya Rage a Motar Bowaci

Rana ta yi ja a unguwar Suwame ta Kumasi, ana dakan sakwara a gidan Antuwi bakanike, sai dutse ya faɗo kan kwano. Aka ce yara ne. Na biyu ya faɗo cikin turmi, daga sama, inda babu kowa. Taɓarya ta tsaya.

Antuwi dai hannunsa na cikin aljihu.

Ɗazu da rana ƙanensa Bowaci ya kawo tsohuwar motar mahaifinsu a sauya mata sifirin. Motar nan, wallahi, ita ce ciwon Antuwi. Shi ne babba, shi ya sha baƙin mai tare da tsoho, amma ƙaramin aka bar wa ita, kuma tun daga nan kasuwa ta buɗe masa. Da Antuwi ya gama ɗaure notuna, sai ga wani lanƙwasasshen ƙarfe a ƙasa, aikin maƙera. Duk motocin da ya kwance a Kumasi bai taɓa ganin irinsa ba. Ashe nan tsoho ya ɓoye sa'ar, in ji zuciyarsa. Ya jefa shi aljihu.

Ana kiran magariba daga zango, 'yarsa tilo Seruwa ta saki ludayi ta zauna daɓas, idanu sun kafe.

"Wa ya ɗauke mini kujera?" ta ce, da muryar wani tsoho.

Uwarta ta zura da gudu ta kira Malam Alidu, wani Badagombe daga arewacin Gana da ke ruƙiyya. Ya zo ya yi ta karatu har yarinyar ta fara gurnani.

"Wane ne kai?"

"Tambayi ɓarawon can. Mahaifinsa ya buge ni da mota a hanyar Techiman, na biyo shi gida. Ya sa aka ƙera mini mazauni kusa da sifirin, muka yi sulhu."

"Kai ke kawo wa Bowaci arziki?" Antuwi ya tambaya.

Aljanin ya ƙyalƙyale da dariya. "Arziki? Guminsa ne. Ni ba na zama da yara, ba na son a so wani a gabana. Duk wanda ya riƙe ni, babu haihuwa a gidansa. Tsoho ya ce wa ƙanenka ɗayanku zai ɗauke ni. Lokacin matarka na da cikin wannan. Ƙanenka ya ce a ba shi."

Bowaci ya yi aure tun tuni, ko ɓari matarsa ba ta taɓa yi ba.

"Fita daga jikinta," in ji malam.

"A mayar da ni mazaunina. In ba haka ba, nan ma ya yi mini."

Seruwa ta yi atishawa ta sulale.

Da sassafe Antuwi ya je wurin Bowaci, ya shiga ƙarƙashin motar da sifana, kunya da hawaye sun hana shi ganin noti. Bowaci ya tsuguna ya nuna masa ramin da yatsa.

"Nan ne, Yaya. Ɗaure shi tamau. Yaya jikin 'yata?"