Gafarar da Zaharadden Bai Yi Ba

Aikin ba wani mai wuya ba ne. Rada, na'urar da ke hango abin da ke kewaye da jirgi, za a ɗaura wa sabon jirgin kamun kifi na wani Balarabe mai suna Thamer, a wata marsa da ke kudancin Jidda inda ake ɗaure ƙananan jirage. Zaharadden ya yi irinsa ya fi a ƙirga. Tun da hantsi ya baro unguwar Kurayyat da jakar kayan aikinsa. Ya hau rufin jirgin, ya huda, ya zaunar da gindin radar, ya ɗaure noti, ya ja waya ta cikin bututu har ɗakin tuƙi. Ya toshe kowace kafa don kada ruwan gishiri ya samu hanya. Kafin la'asar, doguwar farar sandar nan mai juyawa tana zaune daram a saman rufi. Saura gwaji a cikin teku, shi kuwa sai mai jirgi ya zo.

Abin da ke sa gabansa faɗuwa daban ne. Kafilinsa, wanda ya tsaya masa a takardar zaman ƙasa, ya rufe shago, iƙamarsa kuma, wato takardar, ta kusa mutuwa. A Jidda aka haife shi, kakansa ne ya ƙetaro daga Sudan, amma takarda ba ruwanta da wannan tarihin. In babu sabon kafili, shi da matarsa da 'ya'yansa biyu sai a tattara su zuwa ƙasar da bai taɓa takawa ba. Thamer kuwa yana neman injiniya na dindindin, ya kuma ce in aikin ya yi masa zai ɗauki kafalarsa. Shi ya sa ranar nan Zaharadden ya sa riga mai guga, ya fesa turare, yana magana yana cusa Turanci kamar wanda ya dawo daga Landan jiya. Mu da muka san shi a kan kwanon tuwo, da mun gan shi da mun sha dariya.

Yana da wata ɗabi'a. Mahaifiyarsa, Hajiya Zaituna, ba ta taɓa watsa ruwan zafi a tsakar gida ba sai ta yi bisimilla ta ce gafara, don a cewarta ƙasa ba tamu ba ce mu kaɗai. Da ya fara koyon sana'a, ubangidansa ya gargaɗe shi cewa abin da rada ke fitarwa ba a ganinsa, amma wanda ya tsaya dab da sandar yana iya rasa idonsa, don haka dole a duba sama a yi kira kafin a kunna. Sai Zaharadden ya haɗa biyun. Duk jirgin da ya yi wa aiki, daga Ubhur a arewacin gari har kudu, kafin ya danna sai ya bubbuga rufi da tafin hannu, ya ce da Hausa, "Gafara dai masu wuri, za a kunna wuta. A ɗauke yara." Shekara da shekaru yana haka. Bai taɓa cewa ya yarda akwai mai ji ba, bakinsa ne kawai ya saba.

Thamer bai iso ba sai da rana ta yi ja. Ya zo da abokinsa Hatim, irin mutanen nan da ko atishawa suka yi sai sun ɗauka a waya sun watsa. Suka kwance igiya suka fita. Warin dizal, ƙarnin kifi, da gumin gishiri a kan leɓe. Fitilun gari suka fara ƙanƙancewa a bayansu.

Suka tsaya kusa da wani ƙarfe da aka kafa a kan dutsen ruwa don alama. Zaharadden ya yi bayani. Za a saita goshin jirgi a kan ƙarfen, a kunna rada, sannan a juya hoton a allo har ɗigon ƙarfen ya hau kan layin gaba. In ba a yi haka ba, allo zai nuna maka dutse a dama alhali yana gabanka. Thamer ya gyaɗa kai, da alama bayanin ya yi masa.

Na'urar ta gama ɗumi. Zaharadden ya fito ya leƙa sama. Babu kowa, sai farar sanda da jan sararin magariba. Ya ɗaga hannu zai bubbuga rufi.

Sai ga wayar Hatim a fuskarsa.

"Yalla ya muhandis," in ji Hatim, "injiniya, nuna wa jama'a yadda ake yi."

Thamer ya yi dariya ya ce, "Wancan da na kora, wallahi sai ya kunna turaren wuta kafin ya taɓa inji. Ni ilimi nake so a jirgina, mu khurafat. Camfi ya tsaya a gida."

Hannun Zaharadden yana sama. Kalmomin suna kan harshensa. Ya dubi wayar, ya dubi Thamer, kunya ta rufe shi har kunnuwansa suka yi zafi. Sai ya shafa rufin kamar mai goge ƙura, ya koma ciki ya danna.

Sandar ta fara juyawa.

Wata ƙara ta tashi daga saman rufi. Siririya ce, ta yi sama ta yanke.

"Tsuntsu ne," in ji Thamer.

Zaharadden ya ɗaga kai ya dubi rufi. Yana da 'ya'ya, ya san kukan da ba na tsuntsu ba. Sai wani wari ya sauko ta taga, ƙaurin gashi, irin na ranar babbakar kan rago.

Ya dubi allo. Ga gaɓar teku, ga ɗigon ƙarfen. Sannan ga wasu ɗigogi sun yi wa jirgin zobe. Layin da ke kewaya allon ya zaga, suka matso. Ya sake zagawa, suka ƙara matsowa. Ya leƙa waje. Ruwa fayau, ko kwale-kwale babu.

Kiran sallar magariba da iska ke kawowa daga gari ya ɗauke a tsakiya. Injin ya yi tari ya mutu. Ruwan da ke marin jikin jirgi ya daina.

"Ya Thamer," ya ce a hankali.

Thamer na zaune a kujerarsa, ido buɗe, bakinsa bai gama rufe dariya ba. Hatim na tsaye da waya a hannu. Ba mai ƙiftawa.

Jirgin ya karkata dama, kamar wani mai nauyi ya hau. Ya karkata hagu. Ya sake karkatawa.

Ɗigogin allo duk sun taru a tsakiya.

Ya ji ɗigar ruwa a bayansa. Ɗis. Ɗis.

"Zaharadden."

Muryar mace ce, ƙasa-ƙasa, da Hausa tas. Bai waiwaya ba. Ya fara jan Ayatul Kursiyyu.

"Karanta," in ji ta. "Mu ma muna karantawa."

Ya kai ƙarshe. Tana nan.

"Ba ka yi gafara ba."

"Na... na manta."

"Ba ka manta ba. Na ga hannunka ya tashi."

Ya sunkuyar da kai.

"Tun da rana muka ga kai ne a jirgin. Mun san ka. Babu marsar da ba mu ji muryarka ba. Shi ya sa na bar 'yata ta kwanta a sama, wurin akwai iska. Na ce in dai wannan ne, zai yi magana. Da wani ne, da ban bari ta je kusa ba."

Da ta zage shi, da ya fi masa sauƙi. Tsoro yana nan, amma kunya ta danne shi. Ya so jirgin ya huje ya nutse da shi.

Hannu ya kama wuyan hannunsa. Sanyi, jiƙe, da kaushi kamar bayan kifi. Ta ja shi waje. Ƙafafunsa suka hau tsani ba da izininsa ba.

Sandar ta daina juyawa. Ta tsaya tana fuskantarsa.

Hannun ya koma ƙeyarsa, ya tura shi har goshinsa ya taɓa ta. Da ɗumi. Ya so ya runtse ido, ido ya ƙi. Daga ɗakin tuƙi ya ji na'urar ta yi tsit, tsit. Wani yana danna maɓallanta.

"Kai ka san abin da take yi wa ido," in ji matar.

A gindin sandar akwai wani ɗan abu a duƙunƙune, an lulluɓe shi da tsumma jiƙaƙƙe, hayaƙi na tashi daga jikinsa a hankali. Ya motsa.

"Inna, wane ne?"

"Wanda ya ƙona ki."

Wani ɗan ƙaramin hannu ya fito yana lalube. Ya taɓa gwiwarsa, ya hau ƙirjinsa, ya isa fuskarsa. Yatsun suka bi hancinsa, suka tsaya a kan leɓensa.

"A'a, Inna. Wannan ai mai gafara ne. Ba shi ba ne. Shi kullum yana faɗa." Ta yi nishi. "Kawu, ko ba haka ba? Ba kai ba ne ko?"

Na'urar ta sake yin tsit.

"Amsa mata," matar ta raɗa masa a kunne.

Ya tuna 'ya'yansa. Ya tuna idonsa.

"Ba ni ba ne," ya ce.

"Kin ji ko, Inna? Ki bar shi."

Sannan hannun ya saki ƙeyarsa.

"Sauka," in ji matar.

Bai san yadda ya sauko ba. Ya dai tsinci kansa a ƙasa, gwiwarsa na jini. Injin ya tashi da kansa, ruwa ya ci gaba da marin jirgi, Thamer ya ƙarasa dariyarsa. Suka duba allo. Gaɓa ta fito tar, ɗigon ƙarfe shi kaɗai, ya ɗan kauce daga layi. Zaharadden ya juya shi har ya hau.

"Mumtaz!" in ji Thamer, ya dafa kafaɗarsa. "Halas, kai ne mutumina."

A gida ya kasa cin abinci. Ƙaramar 'yarsa ta rugo ta rungume ƙafarsa, ya kasa duban fuskarta. Da safe ya je ɗakin mahaifiyarsa ya durƙusa ya zayyana mata komai, har da ƙaryar. Hajiya Zaituna ba ta yi salati ba, ba ta kuma ce a nemo mai ruƙiya ba.

"Ka ji wa 'yar mutane ciwo," ta ce, "kana nan zaune ba ka je ka duba ta ba?"

"Yumma, in na je in ce me?"

"Abin da ake cewa. Sannan ka gaya mata gaskiya."

Da magariba ya koma marsa. Ma'aikata na wanke jirage, masunta na sauke kifi, wuri cike da jama'a. Ya tsaya a gaban jirgin Thamer, ya cire takalmi, ya ɗaga murya da Hausa har kowa ya juyo.

"Salamu alaikum masu wuri. Ya mai jiki? Na zo ne in gaya mata ni ne. Ni na kunna."

Wani ya yi dariya. Wani ya ciro waya. Bai ko dube su ba.

Amsar ta zo dab da kunnensa, muryar matar nan ce, a gajiye.

"Ta cika da asuba. Ta ce a gaishe ka."

Ya tsaya nan har aka kunna fitilun marsa. Sai wayarsa ta girgiza a aljihu. Saƙo ne: Thamer ya aiko da takardar ɗaukar kafala, saura shi ya amince. Ya daɗe yana kallonta. Yana da mata da 'ya'ya biyu. Ya danna, sannan ya zauna a kan siminti ya ja riga ya rufe fuskarsa.

Har yau yana aiki da Thamer, iƙamarsa lafiya lau, idonsa garau. Shi da bakinsa ya ba ni labarin, kuma tun daga farko har ƙarshe ƙasa yake kallo. A marsa kowa cewa yake ai Zaharadden mutum ne mai amana. In an faɗa a gabansa, sai ya tattara kayan aikinsa ya bar wurin.