Ranar da Taufiq Ya Yi wa Abba Musu

"Ka yi wa Abba musu, Taufiq! Musu fa... a falonsa, kuma a zuwanka na farko!"

Najla ce ke maganar, tana tsaye a gindin mangwaron da ke harabar gidansu a Nassarawa GRA. Taufiq ya jingina da motarsa, sai juya hularsa yake a hannu.

"Hasken idona, wallahi ban yi niyya ba. Bakina ne ya riga ni."

"Me na ce maka? Ka zauna a ƙasa, ka sunkuyar da kai, duk abin da ya faɗa ka ce haka ne. Yau ce fa ranar da zai ce ka turo magabatanka!"

Ya san gaskiya ta faɗa.

Da farko komai ya tafi daidai. Abban Najla, Alhaji Aƙilu, tsohon injiniya da ya yi karatu a Amurka, ya tambayi asalinsa da sana'arsa, ya ji ɗan Giginyu ne, mai harhaɗa magunguna, ya gyaɗa kai. Sai ya tambayi inda suka haɗu.

A wani bikin baje kolin waƙoƙi ne a Jos, inda Najla ta bi yayarta. Wasu samari suka hau dandamali da jita da ganguna da garaya, suka yi kiɗan rok irin na turawa, amma da Hausa. Filin ya rabu biyu, wasu na ihun murna, wasu na cewa an wulaƙanta garaya. A layinsu kaf, ita da Taufiq ne kaɗai suka miƙe suna tafi. Nan suka kalli juna.

Tsautsayi ya sa Taufiq ya ciro waya ya nuna wa Abba bidiyon.

Abba, wanda duk duniya ba ya jin komai sai waƙoƙin kaboyi, irin na turawan karkarar Amurka, ya yamutse fuska. "Wannan ai ihu ne. Kwaikwayon turawa suka yi, suka ɗora masa Hausa kamar hula a kan kwat."

"A'a Abba, ba kwaikwayo ba ne," in ji Taufiq, ya manta da gargaɗin Najla har ya ɗago kai. "Ka saurara da kyau, jitar ce ke bin garayar, ba garayar ke bin jita ba. Ai waƙoƙin kaboyi ne duk iri ɗaya: mata ta tafi, mutum ya zauna yana kuka."

Sai da maganar ta fita ya tuna. Ummin Najla ta rasu bara.

Abba bai ce komai ba sai, "To, madalla. Ka gaida gida."

Tun daga ranar gidan ya canja wa Najla. Abba bai ƙara ta da maganar ba, yayarsa Goggo Luba kuwa ta samu abin yi.

"Yaron da ya kalli surukinsa ido cikin ido ya ce masa a'a? Tun ba a ba shi ba ke nan! In aka ba shi fa? Ke Najla, ki cire shi a ranki tun da wuri."

"Goggo, yana da kirki..."

"Kirkin ke nan muka gani!"

Najla ta shige ɗaki ta kira shi tana kuka.

"Don Allah ka zo ka ba shi haƙuri. Ka ce samarin nan kwaikwayo suke, ka ce ihu ne, ka ce komai ma! Me zai rage ka?"

"Zan zo in durƙusa, Najla. Maganar da na yi kan matar da ta tafi, har yanzu ina jin kunyar kaina. Amma in ce yaran nan kwaikwayo suke... ba zan iya ba."

"Ko don ni?"

"Don ke ɗin ne. Ke ma kin tafa musu, rabin raina. In na fara shiga gidanku da ƙarya, da me zan ci gaba?"

Ta kashe wayar ta kifa kai a filo. Haushinsa take ji sosai, amma can ƙasan zuciyarta wani abu na cewa, wannan taurin kan ne fa ya sa kika so shi. To amma idan Abba ya ce a'a, ba za ta taɓa tsallake maganarsa ba. Balle ma da ta ga yadda ya rame tun rasuwar Ummi.

Ranar Juma'a da hantsi Abba ya leƙo kicin. "Auta, ki ce wa yaron nan ina nemansa bayan la'asar."

Nan take Najla ta ɗauki waya ta sanar da Taufiq.

Taufiq ya zo cikin farar shadda, ya zube a kan kafet. Goggo Luba ta harɗe a kujera tana jan carbi da ƙarfi. Najla ta ajiye faranti da lemo, ta koma bayan labule ta maƙale.

"Abba, na zo neman gafara. Na yi maganar da ba ta dace ba."

"Bar wannan tukuna." Abba ya miƙe ya nufi tsohon garmahonsa, ya zaro wani baƙin faifai daga kwalinsa, ya goge shi da hannun riga. "Saurara."

Jita ta fara a hankali. Wata murya mai kauri ta shigo, ba gaggawa, ba ƙawa. Labarin wani manomi ne da ya sayar da gonarsa ya koma birni, amma duk damina sai ya je bakin shingen ya tsaya, ya ga ko sabon mai gonar ya yi shuka a kan lokaci.

Da waƙar ta ƙare, Abba ya juyo ya kalli Taufiq.

"To?" in ji Abba.

Taufiq ya sunkuyar da kai. "Na yi kuskure, Abba. Ban taɓa zama na saurara ba, na yanke hukunci. Wannan mutumin ba waƙa yake ba, kamar ya zauna kusa da kai ne yana ba ka labari. Sai da na tuna kakana da gonarsa ta Gezawa."

Najla ta sauke ajiyar zuciya. Alhamdu lillahi!

"Wato ka yarda yaran naka na Jos ihu suke yi."

Najla ta runtse ido. Ka ce e, Taufiq... don Allah ka ce e...

"Abba, ka gafarce ni... ban yarda ba. Abin da wannan ya yi da gonarsa, shi suke yi da garayarsu. Nasu ne, ba aro ba ne."

"Kun ji ko!" Goggo Luba ta tafa hannu. "Aƙilu, ka ji da kunnenka!"

Najla ta ƙanƙame labulen. Sai ta ji wani sauti da ta manta da shi. Dariya! Abba ne ke dariya, har kafaɗunsa na girgiza. Can kuma dariyar ta sarƙe, ya cire tabarau yana goge ido.

"Yaya Luba, kin san marigayiya Khadija ba ta taɓa son faifan nan ba? Kullum sai ta ce min, Alhaji, kashe mana kukan kaboyin nan. Mu yi ta musu har abinci ya huce." Ya numfasa. "Tun da ta tafi, duk abin da na faɗa a gidan nan sai a ce haka ne Alhaji. Ko cewa na yi rana daga yamma take fitowa, haka ne Alhaji. Kowa na lallaɓa ni kamar mara lafiya. Sai yaron nan."

Goggo Luba ta ajiye carbinta. Ita ma idonta ya kawo ruwa.

"Auta, fito. Tun ɗazu nake ganin ƙafarki a ƙasan labule."

Najla ta fito tana rufe fuska da mayafi, ta durƙusa a gefen kujerarsa.

"Kina son sa, da taurin kan nasa?"

Ta gyaɗa kai, hawaye na zuba.

Abba ya dafa kanta, ya juya ga Taufiq. "Ka turo magabatanka. Amma da sharaɗi. Duk Juma'a bayan la'asar za ka zo nan, ni in sa nawa, kai ka sa naka, har sai ɗaya ya shiryu."

"Na yarda, Abba! Na gode, Allah ya ƙara girma!"

"Kuma a bikin 'yata, ba za a kaɗa min wannan ihun ba."

Taufiq ya ɗago kai. "To Abba, ai garayar..."

"Taufiq!" Najla ta daka masa tsawa cikin kuka da dariya.

"Ƙyale shi, Auta," in ji Abba, yana gyara zama. "Ina jin ka, ɗana. Garayar me?"